Dokas Ta Raka Baƙo Bakin Titi

A layin 'yan doya na Kasuwar Jalingo, idan ka ce Dokas kake nema, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Maman Jonah, nan take za a nuna maka rumfa ta uku daga bakin kwata, inda wata gajeriyar mace kakkaura take zaune kan buhu da wuƙa a hannu. Shekara ashirin da shida ke nan tana wurin. Daga ƙauye aka kawo ta Jalingo tana amarya, ba ta jin Hausa sai "sannu" da "nawa ne". A kasuwa ta koye ta, shi ya sa har gobe takan ce wa mace "kai" idan ciniki ya yi zafi, kuma babu wadda ta isa ta gyara mata. Doya kuwa ta san ta ciki da bai. Za ta ɗaga guda ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta gaya maka ko za ta yi sakwara ko sai dai a soya. Mijinta kafinta ne, ya rasu tun 'yarsu Vivian tana firamare. Ya bar mata 'ya'ya biyu da ɗaki biyu a unguwar Mayo Gwoi, inda ruwa ke shigo musu duk shekarar da kogi ya ga dama.

To, wannan suna na Maman Jonah shi ne azabarta. Wanda duk ya kira ta da shi, sai ya ɗora da tambayar ina Jonah ɗin. Ita kuma sai ta ce yana Fatakwal, yana jan babbar mota. Shekara tara tana faɗin haka, har ta ƙware. Ta ƙago masa maigida mai faɗa, ta ƙago masa ruwan sama da ba ya ɗaukewa, takan ma isar da gaisuwarsa ga mutanen da bai taɓa sani ba.

Jonah bai taɓa taka Fatakwal ba. Yana nan ƙauyen Iware, a gonar yayanta, cikin wani ɗaki bayan rumbu. Yana da shekara ashirin da ɗaya ciwon ya same shi. Ya daina barci, ya fara hira da mutanen da shi kaɗai ke ganinsu, wata rana aka tsinto shi a kan gada ba riga. Kafin maganar ta zaga unguwa Dokas ta sa shi a mota ta kai shi wurin yayanta. Tun daga nan, kowace Laraba sai ta ce ta tafi saro doya wajen manoma, kuma ba ƙarya ba ce duka, takan saro ɗin. Amma kafin nan sai ta ba shi maganin asibiti, ta wanke masa kaya, ta yi masa aski. Wata Larabar ya gane ta, ya tambayi Vivian, har su yi waƙar coci tare. Wata Larabar ya dube ta kamar mai tallan da ta ɓata hanya.

Kada ka yi saurin zaginta. A wajensu, kafin a yi aure, dangin namiji sukan aiki gwaggonni su bi unguwa da kasuwa suna tambaya a hankali: gidan nan akwai farfaɗiya? Akwai sata? Akwai taɓin hankali? "E" guda ɗaya ta isa ta kashe magana, Dokas kuwa ta ga an yi wa wasu da idonta. Don Vivian ta ɓoye Jonah. Vivian ma ta sani, ta kuma riƙe bakinta tun tana 'yar shekara goma sha biyar.

Allah ya sa yarinyar ta yi karatu ta zama malamar makaranta, George ya fito yana sonta. George ɗan Baba Tobiya ne, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, mutumin da yakan gyara wa Fasto karatu daga inda yake zaune. Gwaggonnin George suka yi bincikensu, kasuwa ta ce musu ai ɗan'uwan amarya direba ne a Fatakwal. Aka sa rana. A cocinsu sau uku ake shelar aure, Lahadi uku a jere, don mai magana ya fito ya yi. Aka yi ta farko lafiya. Saura biyu Dokas ta sauke kayan da ta ɗauka shekara tara.

Ana cikin haka Benjamin ya ɓullo. Ɗan ƙawarta ne marigayiya, wadda suka yi shekaru suna ta da waƙa tare a Zumuntar Mata ta coci. Dokas ta goya shi, ta share masa majina. Yanzu yana aiki a wata ma'aikata inda aikin bai wuce sa hannu da safe ba, sai ya samo wa kansa abin yi, wai shi fodkas: shiri irin na rediyo, amma a waya ake ji, duk lokacin da mutum ya ga dama. Ya sa masa suna Zauna Mu Ji, yana bin talakawan gari yana ɗaukar labarinsu. Ya yi da mai faci, ya yi da mai yankan farce, ya yi da wani tsohon ɗan kamasho. Shiri goma sha ɗaya, masu sauraro ba su taɓa kai hamsin ba, rabinsu kuma 'yan ofishinsu ne masu jin kunyarsa.

Abin yana cin sa. Wayar kuma ba ta da kara, tana nuna masa daidai inda mutane ke guduwa, kafin minti ɗaya ya cika an watse. Ya zauna a rumfar Dokas yana yi mata bayani, tana feraye ruɓaɓɓen kan doya. Ya ce mai sauraro yana wanke-wanke ne ko yana cikin keke, yatsansa na kan waya, in ba ka cafke shi da maganar farko ba ya tafi. Ya ce kiɗa ba ya riƙe mutum, doguwar gaisuwa ma korarsa take. Abin da ke riƙe shi murya ce kusa da kunne, tana faɗin abin da ba a faɗa a fili. Dokas ba ta fahimci ko rabi ba. Abin da ta gane shi ne ɗan marigayiya yana neman taimako, ta ce ya zo gida ranar Litinin.

Ya zo bayan azahar da iyayinsa. Ya kashe fanka, ya rufe taga, ya rataya bargo a ƙofa wai don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ya sa aka kori kaji. Ya maƙala mata wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaro a wuyan riga, ya ce makirfo ne, ba ya buƙatar igiya, shi ke tura murya cikin wayar da ke aljihunsa. Ita kuwa ta ɗaura zanenta na zumunta, ko da yake ya gaya mata ba mai ganinta. Da ya ce ta fara, sai ta ɗauko muryar coci. Ta gai da Fasto, ta gai da shugabar zumunta, ta gai da sarkin kasuwa da mataimakinsa. Sannan ta shiga doya: yadda ake zaɓen iri, yadda ake jera ta kada ta yi gumi, yadda ake gane wadda ƙwaro ya shiga. Minti arba'in tana yi, gumi na tsiyaya a ɗaki ba iska. Duk inda ya jefa mata tambaya don ta saki jiki, sai ta ce sai godiya ga Ubangiji. Fuskar Benjamin ta yi ta zubewa, don ya san wannan ko 'yan ofishinsu ba za su kai ƙarshe ba. Ya rufe littafinsa ya ce, "Mama, mun gama. Na gode."

Ta tashi ta raka shi. A wajen Dokas baƙo ba ya fita shi kaɗai, ko da yaron da ta goya ne, sai ta taka masa har bakin titi. Kuma duk wanda ya tashi a irin gidajensu ya san maganar ɗaki ta kowa ce, akwai bango, akwai maƙwabta. Maganar gaske a hanyar rakiya ake yi, ana tafe ba a kallon juna, inda aka rabu kuma nan ake barinta. A rakiya likita ɗan garinsu ya gaya mata mijinta ba zai tashi ba. A rakiya ta gaya wa uwar Benjamin inda Jonah yake, matar kuwa ta tafi kabari da maganar.

Ɗan baƙin abin nan yana wuyan rigarta. Benjamin ya gani. Kada wani ya zo ya ce bai gani ba, don har ya ɗaga hannu zai cire, sai ya mai da hannun aljihu.

Sun wuce gida biyu ya ce, "Mama, Jonah zai samu zuwa biki kuwa?"

Sau dubu nawa ta amsa wannan tambayar? Amsar tana bakinta, a shirye. Amma yamma ta yi sanyi, ta fito daga ɗaki mai zafi, yaron kuma yana jan magana irin ta uwarsa. Sai ta ji kanta tana cewa, "Benja, Jonah ba ya Fatakwal."

Ta gaya masa duka, da Hausarta ta kasuwa, ba gaisuwa ba godiya. Gadar, da motar, da ɗakin bayan rumbu. Yadda take aske masa kai yana tambayarta ko ita wace ce. Da suka iso wajen kwalbati ta tsaya cak, ta ce, "Jiya da Fasto ya karanta sunan Vivian, na durƙusa na ce, Ubangiji, in za ka ɗauki Jonah, ka ɗauke shi kafin biki. Ni da na haife shi. Ni na roƙa."

Ta yi shiru mai tsawo. Sannan ta fyace hanci da bakin zane, suka ƙarasa titi. Ba ta ce ya rufa mata asiri ba, don ba a faɗin haka a rakiya, cin fuska ne. Ta tare masa keke da kanta. Sai da ya sa ƙafa ɗaya ciki ya ce af, ya manta abinsa, ya cire shi daga wuyanta. Har dariya ta yi masa, ta ce yaran yanzu da mantuwa.

Bayan shela ta biyu ya kira ta a waya, ya tambaya ko ya saki hirarsu. Ta ce ya saki mana, Allah ya sa albarka. Ita doya take nufi, shi ma ya san doya take nufi.

Ranar Juma'a da safe ya saki. Ba kiɗa, ba sallama. Abin da kunne ke fara ji numfashin mace ne da takun silifa a kan yashi, da hon ɗin keke can nesa. Sai muryar Dokas, kamar bakinta na jikin kunnenka, tana roƙon Ubangiji ya ɗauki ɗanta. Shirun da ta yi a kwalbati bai yanke shi ba, ya bar shi yadda yake, har mutum ya duba waya ya ga ko wayar ce ta mutu. Sannan muryarsa ta shigo a hankali: wannan Maman Jonah ce, ta layin 'yan doya. Minti arba'in na doya ya mai da shi biyu. Gaskiya dai a faɗe ta, shirin ya yi kyau. Wannan shi ne abin baƙin cikin, ya yi kyau ƙwarai.

A kasuwa ta ji. Hajara mai manja, maƙwabciyar rumfarta, tana riƙe da waya tana sharar hawaye, mata uku sun sunkuya a kanta. Dokas ta matsa ta ga wa ya mutu, sai ta ji muryar kanta. Ta zauna a ƙasa cikin ɓawon doya. Hajara ta rungume ta tana cewa ashe haka take fama ba ta faɗa ba, amma ba ta kashe wayar ba, don ba a kai ƙarshe ba tukuna.

Kafin azahar layin ya cika da mutanen da ba doya ta kawo su ba. Wata ma'aikaciyar banki ta ce sau uku ta saurara, kowane sau sai ta yi kuka. Wani ya nemi su yi hoto. Wasu sun zo ne kawai su ga fuskar matar da ta roƙa wa ɗanta mutuwa, suka gani suka wuce. Waɗanda ta shekara tana isar musu da gaisuwar Jonah suka riƙa wucewa suna gaishe ta da ƙarfi, suna tambayar ya mutanen Fatakwal.

Benjamin da kansa ya zo da la'asar, fuska kamar an shafa mata mai. Ya durƙusa ya ce mutum dubu tara, har daga Jos da Kano, kuma har ƙarshe suke ji, ba mai tsallakewa. Ya ce labarinta zai taimaki iyalai masu irin wannan ciwo, ya ce ai sai da ya tambaye ta kafin ya saki. Da ta ce masa wannan maganar rakiya ce, sai ya ce shi ya sa ta yi daɗi. Daga nan ya roƙi arziki ɗaya: masu sauraro suna son jin muryar Jonah, ko za ta tafi da shi Iware ranar Laraba? Da ni ne da na sauke masa doya a ka. Dokas dai kallonsa kawai ta yi, tana neman uwarsa a fuskarsa, ba ta same ta ba.

Asabar da hantsi Baba Tobiya ya iso Mayo Gwoi da ƙanwarsa, ɗaya daga cikin gwaggonnin da suka yi bincike. Aka kawo ruwa, ba wanda ya taɓa. Ya fara da yabo, irin na hedimasta. Ya ce ta yi magana mai ratsa jiki, matarsa ma ta yi kuka. Sannan ya ɗaga yatsu. Na ɗaya, ciwon nan yana bin jini, shi kuma jikoki yake nema. Na biyu, an zo an tambaya, an yi musu ƙarya. Na uku bai ƙarasa ba, ya ce dai uwar da ta yi irin wannan addu'a a gaban bagaden coci, shi ba zai yanke mata hukunci ba, Allah ne mai shari'a. Dokas ta durƙusa har goshinta na taɓa siminti, ta ce laifinta ne, yarinyar ba ta da laifi, a hukunta ita. Gwaggon ta ce ai yarinyar ma ta sani. Da suka miƙe Dokas ta jawo mayafi za ta taka musu, Baba Tobiya ya ce ta zauna, sun san hanya.

George bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Vivian tana ɗaki na biyu, ta ji komai ta bango. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata Dokas ke nan. Ta fito tana naɗe kayanta cikin jaka, ta ce za ta koma wajen wata ƙawarta kusa da makaranta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Shekara tara na riƙe bakina, Mama. Ina yarinya na riƙe. Ke kin kasa riƙe naki daga ƙofar nan zuwa bakin titi."

Lahadi Dokas ta je coci, don rashin zuwa ma magana ce. Aka zo sanarwa. Magatakarda ya karanta ranar koyon waƙa, da gyaran rufin makarantar Lahadi, da sunan wani da aka kwantar a asibiti. Ya juya takarda, ya ninke ta, ya koma ya zauna. Kowa a cocin ya san abin da ba a karanta ba. Bayan sujada matan zumunta suka kewaye ta, suna cewa ta ƙarfafa su, wata ma ta ce ta tura wa 'yarta a Abuja. Dokas ta tsani kowace ɗaya daga cikinsu a ranar, ta kuma amsa musu da amin.

Laraba ta hau motar Iware kamar kullum, da magani da sabulu da reza a leda. Matar yayanta ta tare ta a bakin gida tana kauda ido, ta ce samarin gari sun zo shekaranjiya sun kunna wa Jonah abin, sun tsaya suna kallon fuskarsa su ga yadda zai yi. Ta ce bai yi komai ba, sai dai ya sa sun maimaita masa.

Yana zaune a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Tun daga nesa ta ga yau ya gane ta, idonsa fes. Da a ce irin Larabar nan ce da ba ya sanin kowa, da ta gode wa Allah. Ta zauna kusa da shi, ta ajiye ledar a cinyarsa.

"Mama, na ji ki a waya."

Ta ce ya yafe mata, gajiya ce, bakin uwa ne ya zame. Ya ce bai yi fushi ba. Ya tambaya ko an fasa bikin Vivian, ta ce an fasa. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa har ya tara 'yan kaɗan a tafin hannu.

"Da Allah ya amsa miki tun ranar da kika roƙa, da an yi bikin?"

Ta san abin da ya kamata ta ce, kowace uwa ta sani, kalma ɗaya ce. Amma kwana biyar ke nan ita ma tana juya wannan tambayar a ranta, kuma ta san amsar da take samu. Ta buɗe baki, ta ja numfashi tukuna. Lokacin da "a'a" ta fito, Jonah ya riga ya gyaɗa kai.

Ya ciro sabulun da rezar ya ajiye a gefe. Maganin kuwa ya miƙo mata a cikin ledarsa, bai ko kwance ba.

"Ki koma da wannan. Ki ba Vivian haƙuri."

Ya zuba mata gyaɗar da ya ɓare a hannu, ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya zaga bayan rumbu. Ta ji ya turo ƙofa ya sa sakata.